Jan Ruwa a Bahon Wanki

Ranar da Ummu Hani ta fara ganin abin, ana tsakiyar yankan shinkafar damina ne. Ta tsoma wandon mijinta a baho, sai ruwan ya ɗan sauya, kamar an jefa zoɓo ƙwaya ɗaya a ciki. Ta duba, ta ƙara omo, ta ci gaba da cuɗawa. A Gulma wannan ba labari ba ne. Duk namijin da ya tashi yana kutsawa cikin ruwan fadama ya yi fitsarin jini, tsargiya ake ce masa. Yayyenta uku sun yi, mahaifinta ya yi, har ana yi wa wanda bai yi ba tsiya cewa bai cika namiji ba. Jinin yakan zo, yakan tafi. Ta shanya wandon, ta zubar da ruwan a gindin bishiyar lemun tsami, ba ta ce da kowa komai ba.

Shekara ɗaya da rabi ke nan.

Mijinta Malam Tamba manomin shinkafa ne, saura shekara guda ya cika sittin. Shekara talatin da ɗaya suna tare, amma har yau in ya dawo daga fadama sai ya ajiye mata wani abu a bakin taga, wani lokaci furen bado, wani lokaci gasasshen kifi a takarda, ya wuce kamar ba shi ya ajiye ba. Ta san tafiyarsa tun daga zaure. Ta san tarinsa a cikin na mutum goma. Shi ya sa ita ce ta fara lura ya soma daɗewa a bayan gida, kuma yana sauya wando kafin kowace salla. Daga baya ta ji a bakin matar liman cewa a masallaci ya bar sahun gaba, ya koma can kusa da ƙofa.

Wata ranar bazara ya sake ɗaukar buta, ta ce, "Malam, butar ga ta gaji da kai. Sau nawa ke nan yau?"

"To ke anka ɗauka aikin ƙirga?"

"Ni na ɗauki kaina, kuma ba a biyana."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Ya zauna a bakin tabarma, yana duban bango, ya gaya mata. Fitsarin ba ya zuwa sai da yaƙi, in ya zo kuma ba ya ƙarewa, sai ya gama alwala ya ji ɗigo. Ya ce akwai wani mai magani da ake kira Hodi a Argungu, bayan kasuwa, wanda ya taɓa aikin share ɗakin marasa lafiya a wani asibiti. Hodi ya bayyana masa cewa maza na da wani ɗan ƙullin nama a ƙarƙashin mafitsara, likitoci na ce masa furostet, in ya kumbura sai ya shaƙe hanyar fitsari. Maganinsa tausa.

"Tausa ta ina?" ta tambaya.

Ya sauke murya. "Safar hannu shika sawa. Ta baya. Ummu, kada wannan zance ya hita ɗakin ga."

"Wa ni ka hwaɗa ma? Kaji?"

Zuwa na farko ya dawo da fara'a, ya ce ya ji sauƙi. Zuwa na biyu har ya tsaya ya saya mata turare. Zuciyarta ta yi sanyi, ta yi ta yi wa Hodin da ba ta taɓa gani ba addu'a. Sau ɗaya kawai wani abu ya taɓa ta, lokacin da take ninke kaya.

"Ka hwaɗa mishi zancen jinin?"

Ya ɗago da sauri. Bai san ta sani ba. Sai ya kawar da kai. "Na hwaɗa. Dariya ya yi. Shi ma ɗan hwadama ne, ya ce wa bai yi tsargiya ba?"

Ta yarda, domin abin da ita ma ta gaya wa kanta ke nan.

Ranar zuwa na uku ya tashi jikinsa da zafi. Ta ɗora tafin hannunta a wuyansa, ta janye. Ta roƙe shi ya bari sai wani mako, ya ce Hodi ya gargaɗe shi kada ya tsallake ko ɗaya. Ta tsaya a zaure tana kallon babur ɗinsa har ya ɓace, kuma ba ta san dalilin da ya sa ta kasa komawa ciki ba.

Ya dawo da azahar. Rana na dukan kwano kamar za ta narkar da shi, amma Tamba ya nemi bargo. Haƙoransa na haɗuwa. Ya shiga bayan gida sau huɗu, sau huɗu ya fito da buta a cike. Kafin la'asar mararsa ta yi tauri, ya durƙusa a tsakar gida yana riƙe da turmi, yana kiran sunan Allah a hankali don kada maƙwabta su ji. Ummu Hani ta yafa mayafi ta tafi gidan ƙanensa Faruk, wanda ke da mota.

Duk hanyar Birnin Kebbi kansa na kan cinyarta. Sun wuce gonakin rani, injinan ban ruwa na ta ƙara, ruwan fadama na sheƙi, kyakkyawa kamar bai taɓa cutar da kowa ba. Wajen Ambursa ya buɗe ido ya ce, "Ummu, kin rufe awaki?" Ta ce ta rufe. Ba ta rufe ba.

A asibiti aka sa masa robar fitsari da ƙarin ruwa. Abin da ya taru a jakar da ke rataye a gefen gado, launin ruwan bahonta ne, sai dai ya fi duhu.

Da safe zazzaɓin ya sauka kaɗan. Likitan da ya zo duba shi matashi ne, Dakta Ikrima, mai magana a natse. Da ƙyar Tamba ya faɗi zancen Hodi, yana kallon silin.

"Baba, ba abin kunya ba ne," in ji likitan. "Mu ma nan mukan taɓa wurin don mu duba, wani lokaci mu matsa don mu sami ruwan gwaji. Akwai masu tsohon kumburi da kan ce tausar na rage musu ciwo, ko da yake ba a gama tabbatarwa ba. Amma sai an san abin da ke ciki tukuna. Kuma ba a yi wa mai zazzaɓi, domin ƙwayoyin cuta ake turawa cikin jini. Abin da ya same ka jiya ke nan, kuma muna da maganinsa."

Faruk ya yi hamdala, ya fita ya kira gida. Ummu Hani ma ta fara sakin numfashi, sai ta ga likitan bai tashi ba. Jakar yake kallo.

"Jinin nan fa? Yaushe ya fara?"

"Tsargiya ce, likita," in ji Tamba. "Tun ina yaro."

"Ta yarinta ba ta tsaya ba?"

"Ta tsaya. Tun kafin in yi aure."

"To wannan da ya dawo, yaushe?"

"Kwanan ga ne. Bai daɗe ba."

Ummu Hani ta ji muryarta ta fito ba da izininta ba. "Kakar bara waccan. Ana yankan shinkafa. Ni ka wanki."

Biron likitan ya tsaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya ce yana iya zama tsargiyar, za su gwada. Amma tsohuwar tsargiya kan bar tabo a mafitsara, tabon kuma bayan shekaru yakan rikiɗe ya zama wani abu dabam, har ciwon daji. Gwajin jini na furostet sai an jira, domin tausar da kumburin za su dagula sakamakon. Hoton mara kuwa yanzu za a yi.

Ana tura shi a keken marasa lafiya zuwa ɗakin hoto, Tamba ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Tun sannan kinka gani?"

"Tun sannan."

"Ni ma tun sannan." Ya miƙo hannu baya, ta kama. Hannun da ya shekara talatin yana tsinko mata bado, yau ya yi nauyin takarda.

Mai ɗaukar hoton mutumin Argungu ne, mai barkwanci. Yana shafa man ɗaukar hoton a marar Tamba yana tsokanarsa, wai mutanen Gulma shinkafa kawai suka iya, kifi sai sun zo roƙo. Tamba har ya fara ramawa. Sai mutumin ya tsayar da hannunsa a wuri ɗaya. Ya matsa kusa da allon na'urar. Ya koma gefe, ya sake dawowa wurin. Bai ƙarasa tsokanar ba. Ya goge hannu, ya ce yana zuwa.

Tare suka dawo da Dakta Ikrima. Likitan ya daɗe yana kallon allon, sannan ya jawo kujera da kansa ya ajiye wa Ummu Hani.

"Inna, zauna," ya ce. "Ina ƙanen nasa? A kira shi ya shigo, kuma a rufe ƙofar."

Ta zauna, hannun Tamba na cikin nata. Abin da ke gabanta ba allon ba ne, gindin lemun tsamin ne, inda ta shekara ɗaya da rabi tana zuba jan ruwa, bishiyar kuma tana ta yin 'ya'ya.