Allon Armaya'u

Allon nan ba shi da kyau, kowa a Batsari ya sani. Keken ɗinkin da aka zana a jikinsa ya fi kama da akuya mai ciki. Amma Inna Bushira ba ta yarda a yi dariyarsa a gabanta, don ɗanta Armaya'u ne ya zana shi da hannunsa tun suna Ruma.

Ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu, Armaya'u yana gona. Har yau babu wanda ya ga gawarsa, babu wanda ya ji muryarsa. Ita kuwa ta tsira da keke da allo, ta zo Batsari ta kama ɗaki a can ƙuryar wani lungu, ta kafa allon a bakin titi kusa da tasha. Armaya'u bai iya karatun boko ba, amma ko daga nesa zai gane akuyarsa.

Sai ga Tayyib, ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya yi sallama da hantsi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi gajiya da jikin tsufa, yana ta jan gaisuwar don nauyin abin da ke bakinsa.

"Inna, sabuwar doka ce. Mai sana'a a gida, allonsa a bangon gidansa zai tsaya. Na bakin titi duk za a kwashe."

"To ɗan nan, wa zai gan shi a lungun ga? Ko rana ba ta shigowa."

"Masu kawo ɗinki ai sun san gidan."

"Ba don masu ɗinki na kafa shi ba."

Tayyib ya sunkuyar da kai. Ya san labarin, ya kuma san motar kwasa ba ta jin labari. Shi da kansa ya tuge allon, ya ɗauko mata shi har ƙofa, yana ba ta haƙuri.

Tsoro ya kama ta sosai. Idan yaron ya sauka a tasha yau fa, ya duba, ya wuce Safana?

Washegari masu shayi suka ga tsohuwar da ko kasuwa ba ta son zuwa ta shimfiɗa tabarma daidai ramin da aka tuge allon. Ta zauna, ta jingina shi a gwiwarta, akuyar na fuskantar tasha.

Da Tayyib ya zo wucewa, ta riga shi magana.

"Ban kafa ba, ɗan nan. Riƙewa nake yi."