Kaburburan Filin Makaranta

Kabari goma sha ɗaya ne a filin makarantar, na Hajaratu shi ne na uku daga gindin dogonyaro. Kullum da hantsi mijinta Abdulganiyu yakan zo ya yayyafa masa ruwa, ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

Unguwar tana bayan masana'antun birnin Umdurman. Lokacin da mahaifin Abdulganiyu ya baro gonakin audugar Jazira ya kawo su nan, babu komai sai rumfunan buhu da ƙaurin matatar man riɗi. A matatar Abdulganiyu ya yi shekara talatin da huɗu, a ƙofarta kuma ya fara ganin Hajaratu tana sayar wa ma'aikata shayi. A gabansa aka jawo famfo, aka kafa turakun lantarki, aka buɗe ɗakin shan magani. Makarantar kuwa su ma'aikata suka gina ta da hannunsu, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Sai yaƙi ya zo. Aka kwashe injinan matatar, aka tsinke wayoyin lantarki don jan ƙarfen da ke ciki. Ba harsashi ne ya kashe Hajaratu ba, ciwon sukari ne da rashin allura. Ranar da ta cika, hanyar maƙabarta ba ta biyuwa. Mutum huɗu suka sallace ta a gurguje, suka binne ta a nan.

Bayan shekara biyu mutane suka fara dawowa. Wata safiya shugabar makarantar, Ustaza Ni'mat, 'yar maƙwabcinsa marigayi Badaru, ta same shi a gefen kabarin. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ranar Asabar masu tono za su zo a mayar da mamatan maƙabarta. Gida goma sun sa hannu. Saura ku."

"Ni'mat, sau ɗaya ake binne mutum."

"Na sani, wallahi. Amma iyaye sun ce ba za su turo 'ya'yansu cikin kaburbura ba. 'Yata Hadil har ta manta yadda ake rubuta sunanta."

Ya shafa ƙasar kabarin.

"Ban samo mata likkafani ba. Cikin mayafinta na zuwa biki muka naɗe ta, mai ruwan goro. Ramin ma bai kai ƙugu ba. Shekara arba'in ina rufa mata asiri, yanzu in tsaya baƙi su tone ta su ga yadda na sallame ta?"

Ni'mat ta nuna kabarin ƙarshe, na kusa da katanga.

"Babana a naɗe yake cikin labulen ɗakinmu, Baba. Ni na kwance labulen da hannuna."

Abdulganiyu bai san da wannan ba. Ya ɗago ya dube ta, ya ga ita ma ba ta iya kallon wurin. Bai ce ya yarda ba. Tashi kawai ya yi, ya hau raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa Kasuwar Umdurman, ya sa aka yanko masa farin yadi na mutum biyu.

Ranar Asabar masu tonon suka zo da safar hannu da ƙyallen rufe hanci. Da aka kai ga na uku, ya roƙe su su ja baya. Shi ya shiga ramin. Mayafin bai gama cinyewa ba. Ya tattara matarsa a hankali, ya suturta ta cikin sabon yadin, ya miƙo ta sama. Ba ta fi nauyin jariri ba.

Bayan mako uku aka buɗe makarantar. Yana wucewa ya hango yaran sun takure a jikin katanga, sun bar tsakiyar filin fayau, ba mai son taka sabuwar ƙasar da aka cike ramukan da ita. Ni'mat tana ta lallashi, ba wanda ya motsa.

Abdulganiyu ya shiga, ya taka har gindin dogonyaro, ya tsaya a kan danyar ƙasar.

"Ku matso, jikokina," ya ce. "Ba kowa a nan."