Tukunyar Kabarin Uwar Hannatu

Da na dawo daga yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, abin da na kawo Zuru bai wuce ɗingishi da guntun Turanci ba. Turancin ne ya ba ni aikin tafinta a wurin Sista Alice, Baturiyar ɗakin maganin mishan, mutuniyar ƙasar Sikotlan. A shekarar 1954 takan tara matan coci ranar Laraba bayan azahar ta koya musu ɗinki a gindin mangwaro, ni kuma ina gefe ina juya magana.

Matata Hannatu tana cikinsu. Ita ce mai ɗauko waƙa a cocinmu, sai ta buɗe baki sauran mata ke bi. Kafin a yi mata baftisma kuwa maginiyar tukwane ce kamar uwarta, kuma ba tukunyar miya kaɗai suke ginawa ba. Mu Lelna, mutanen ƙasar Zuru, mukan ɗora wa mamaci tukunya mai ado a kan kabarinsa, don a san mutum ne mai dangi. Dattijon cocinmu, Baba Kefas, ya hana. Da uwar Hannatu ta rasu, matar da ta yi wa rabin garin tukwane, nata kabarin ya zauna fayau. Na san abin yana cin Hannatu.

Wata Laraba zare ya ƙare, sai Sista ta ce bari ta ba su labarin fatalwar ƙasarsu. Ta ce suna da tsofaffin gidajen sarauta na dutse, masu tsayi kamar tudu, kuma kusan kowanne da fatalwarsa. A wani da ke kusa da ƙauyensu, an kashe wata baiwa da jaririnta aka binne su ƙarƙashin murhu. Tun zamanin kakannin kakanni ake ganin ta cikin koriyar riga, tana hawa bene tana sauka, tana kuka.

Na juya labarin da kyau, har da rage murya. Sista ta tsaya tana jiran mata su firgita. Babu wadda ta firgita, haushi ya kama su.

"Maigida, tambaye ta," in ji Hannatu, "danginta fa? Ba wanda ya zo ya ɗauke ta?"

Sista ta ce ai baiwa ce, ko sunanta ba a sani ba.

"To masu gidan mi suka yi mata?"

Sista ta yi murmushi ta ce babu komai, har alfahari suke da ita, baƙi kan zo daga nesa ko za su gan ta.

Wannan ban so juyawa ba, don ina jin kunyar Sista, amma na juya. Hannatu ta ajiye allura.

"Mace tana kuka cikin gidanku, ku kira baƙi kallo?"

Sista ta yi ta bayanin cewa tatsuniya ce kawai. Hannatu dai ta naɗe ɗinkinta. A hanyar gida ta ce mini, "Ni ban ce Inna tana yawo ba. Amma ba za a ce ɗiyarta tana raye an bar ta kamar baiwar Turawa ba."

Na tuna mata cewa Baba Kefas zai mayar da ita bencin baya na masu horo, ya kuma hana ta waƙa. Ta ce ta sani. Washegari ta tafi rafi ɗibar yumɓu.

Ban taɓa ganin tukunya irin wadda ta gina ba: mai dogon wuya, da zane irin tsagar da ke jikin uwarta. Ba ta ɓoye ta ba. Ranar kasuwa da rana tsaka ta ɗora ta a ka, ta bi ta ƙofar coci zuwa makabarta. Ina bayanta da ɗingishina, ƙirji a buɗe, ko faretin soja ban taɓa yin irinsa ba.

Baba Kefas ya tare mu a dawowa.

"Ɗiyata, kin san abin da kika yi?"

"Na sani, Baba. Ban yi yanka ba, ban roƙi kowa ba. Uwata na girmama."

"Ki ce kin tuba, magana ta mutu a nan."

"In na ce haka na yi ƙarya, Baba."

Ranar Lahadi ta sa zanenta mafi kyau ta zauna a bencin baya ita kaɗai. Lokacin waƙa ya yi, coci ya yi tsit. Matan duk sun iya waƙar, amma kowacce ta dubi ƙasa. Baba Kefas ya ɗauko da kansa, da muryarsa ta tsohon rago, ya yi layi ɗaya shi kaɗai ya tsaya. Na waiwaya daga ɓangaren maza. Hannatu ta haɗa hannuwa a cinya, bakinta a rufe, tana bin hukuncin da aka yanka mata daidai.

Tsohon ya daɗe yana kallon littafinsa. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Hannatu."

Ba ta taso gaba ba. Daga bencin masu horo ta ɗauko waƙar, coci duka ya bi ta.