Saukowa Daga Hawa na Tara

Hedimasta ya danna lamba tara, ƙofar lif ta rufe, akwatin ya ɗauke shi sama babu ko gargada. Ba shi da ɗaki a hawa na tara. Ba shi da ɗaki a ko'ina cikin otal ɗin. Gwaji yake yi, domin idan baƙonsa ya iso ya gan shi yana fitowa daga lif, kamar wanda ya tashi daga barcin masu hali.

Ya dubi kansa a madubin bango. Rigar fita kunya ce a jikinsa, ta sha guga har tana ɗaukar ido, agogon kuma na ƙanin matarsa ne. Ya gyara hula, ya yi wa kansa murmushin da yake yi wa sufeton makarantu lokacin da yake aiki, ya sauko.

Matarsa, Maman Auta, na zaune inda ya bar ta, a bakin wata kujera mai laushi, ta rungume jaka a cinya kamar mai jiran layin asibiti.

"Ki jingina mana," in ji shi. "Kujerar ba ta cizo. Kuma ba a biyan kuɗin jingina."

"Malam, ni dai gabana faɗuwa yake yi."

"Sanyin na'ura ne. Ba ki saba ba."

Jiya suka iso birnin, suka sauka a wani masauki bayan tashar mota, inda fanka ke juyawa tana kuka kamar an sa ta dole, bokitin wanka kuma ɗaya ne na mutanen ɗaki shida. Abin da ya kawo su 'yarsu Auta ce. Ta gama karatun akanta da sakamako mai kyau, ga shi shekaru sun shuɗe tana sayar da katin waya a ƙofar gida. Wani abokin karatun Hedimasta, wanda a makaranta ake kira Tsinke, yanzu darakta ne a wani babban kamfani, ya ce akwai gurbi ɗaya, su zo a yi magana. Da ya tambaya a waya ina suka sauka don ya zo ya same su, sai bakin Hedimasta, wanda ya shekara talatin bai taɓa cewa "ban sani ba" a gaban ɗalibai ba, ya ambaci otal mafi tsada a birnin. Ya ajiye waya, matarsa ta daɗe tana kallonsa.

"Ba ƙarya na yi ba," ya ce mata. "Cewa na yi a can zai same mu. Kuma a can zai same mu."

Tun hantsi suke nan, kuma gaskiyar magana Hedimasta yana jin daɗi. Ya gano cewa rabin jin daɗin masu kuɗi kyauta ne ga wanda ya iya tafiya a hankali. Sanyi kyauta, jarida kyauta, ga wani mutum can a kusurwa yana kaɗa piyano babu mai sauraronsa. Ya shiga banɗaki sau uku, ba don wata matsuwa ba, sai don famfon da ke zubo ruwan ɗumi da kansa idan ka miƙa hannu. Ya shafa man da aka ajiye a can har gwiwar hannu.

Sabis, mai kawo abinci, ya zo, safar hannunsa da farar rigarsa duk a goge. Hedimasta ya karanta takardar abinci daga gefen dama, inda farashi yake, ya ce a kawo shayi buta ɗaya da kofi biyu.

"Da me za a haɗa, ranka ya daɗe?"

"Mun karya a sama."

Sabis ya rusuna. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a irin wannan wuri ana biyan mutum albashi ne don kada fuskarsa ta nuna abin da ya sani. Da shayin ya ƙare, Hedimasta ya sa aka ƙaro ruwan zafi a kan ganyen. Da wannan ma ya ƙare, aka sake. A karo na uku abin da ke fitowa daga butar ya fi kama da labarin shayi.

"Malam," in ji Maman Auta a hankali, "idan ya zo, ka gaya masa gaskiya. Roƙo muka zo yi. Mai roƙo ba ya ado."

"Ke ba ki san manya ba. Babba ba ya taimakon wanda ya zo masa a wulaƙance. Tsinke fa? Ni nake yi masa lissafi a aji. Sai na je gabansa ina wari irin na tasha?"

"To ai warin tashar ne namu."

Wayarsa ta yi ƙara. Darakta ne, yana bakin ƙofa. Hedimasta ya miƙe da saurin da gwiwoyinsa suka daɗe ba su gani ba, ya faɗa lif, ya hau tara, ya tsaya ya yi numfashi, ya sauko. Abin ya fita daidai yadda ya tsara. Ƙofa ta buɗe, ga Darakta tsaye a tsakiyar falo, ƙato, tumbinsa ya riga shi isowa. Babu abin da ya rage na tsinke a jikinsa sai sunan.

"Farfesa!" Darakta ya buɗe hannuwa. "Kai, kai, kai! Daga sama ake saukowa?"

"Tsinke, wa ya hura ka haka?"

Suka rungume juna suna dariya. Darakta ya gaida Maman Auta har da ɗan rusunawa, ya ce har yanzu tana haƙuri da wannan mutumin da ya fi ƙamus surutu? Ta ce ai haƙuri ya zama jiki. Ya zauna, kujera ta yi nishi. Ya ɗaga yatsa, sabis ya bayyana, ya yi odar kek da gasasshiyar kaza da lemon da aka matse yanzu, bai ko dubi takardar ba, balle gefen damanta.

Suka shiga tsohon zance: malamin tarihi mai barci a tsaye, ranar da aka kama su sun haura katanga, wane ya rasu, wane ya shanye, wane ya shiga siyasa, wanda a cewar Darakta duk ɗaya ne. Hedimasta ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya bar hannun riga ya zame don agogo ya sha iska. Darakta ya tambayi yadda ɗakunan suke, ya ce shi bai taɓa kwana a nan ba, tsadar ta yi masa yawa.

"Ba laifi," in ji Hedimasta. "Katifar ta cika laushi. Amma ana ganin gari duka ta taga."

Maman Auta ta sa kofi a baki, ko da yake babu komai a ciki.

Darakta ya goge hannu, ya jingina, fuskarsa ta canza.

"Farfesa, wallahi ka sauke mini dutse daga ƙirji. Kwana biyu ba na barci. Gurbin nan ɗaya ne tak, kuma mutum biyu ne a raina. Ka tuna Gwangwani, mai tsaron gida a ƙwallonmu? Da ya rasu bai bar komai ba sai 'ya'ya. Matarsa ƙanƙara take sayarwa. Babban ɗansa ma akanta ya karanta. Na ce a raina, Farfesa fansho yake ci, fanshon malamin makaranta kuwa mun san shi, wa zan ɗauka wa zan bari? Har na yanke shawara a kan 'yarka, don takardunta sun fi kyau. Amma da na ga ka fito daga lif ɗin nan, na ce alhamdulillahi, Allah ya rufa wa ɗan'uwana asiri. Wanda ke kwana a nan, neman aiki wa 'yarsa ba zai gagare shi ba."

Mai piyano ya ci gaba da abinsa. A ƙarƙashin tebur ƙafar Maman Auta ta sami ta mijinta, ta danna, ta ƙara dannawa.

Hanya a buɗe take, kuma gajera ce. Jimla ɗaya za ta isa: Tsinke, bayan tasha muka kwana. Darakta zai yi dariya har ya buga tebur, zai ba da labarin a duk taron tsofaffin ɗalibai har ƙarshen rayuwarsa, Auta kuma za ta fara aiki farkon wata. Hedimasta ya ga jimlar sarai, har da waƙafinta. Ya buɗe baki. Ya dubi mutumin da ya taɓa kwafar amsa daga littafinsa yana kallonsa yau da girmamawa, irin kallon da bai samu daga kowa ba tun ranar da ya miƙa makullin ofis.

"Ai haka ya dace," in ji shi. "Maraya ya fi cancanta."

"Alhaji," Maman Auta ta dubi Darakta ta soma, "gaskiyar magana ita ce..."

"Gaskiyar magana ita ce mun gode," Hedimasta ya katse ta, da muryar da yake tsayar da surutu a taron safe. "Auta tana da wasu wuraren da take dubawa."

Darakta ya kama hannunsa da hannu biyu. "Ka ji mutanen da. Wallahi Hajiya, mijinki tun muna yara haka yake, ba ya ƙasƙantar da kansa."

"Na sani," ta ce. "Ni ce shaida."

Sabis ya kawo lissafi a cikin 'yar jakar fata. Darakta ya miƙa hannu, Hedimasta ya riga shi. Aka yi 'yar kokawar da manya ke yi, kowa na rantsuwa, kuma a karon farko a rayuwarsa Hedimasta ya yi fatan a kayar da shi. Ba a kayar da shi ba. Darakta ya saki da wuri, ya ce to, tunda a gidanka nake. Sabis ya tambaya ko a sa a ɗaki. Hedimasta ya ce a'a, shi ba ya son tara bashi, ya zaro abin da aka ware na guzuri da tsarabar jikoki ya zuba a jakar fatar, ya rufe ta da sauri kamar mai binne abin kunya.

Suka raka Darakta har bakin mota. Ya ce a gaida Auta, ya ce idan wani gurbin ya fito nan da shekara biyu ko uku zai tuna da ita. Mota ta tafi. Suka dawo suka zauna, don motar komawa gida ba ta tashi sai la'asar.

Maman Auta ba ta yi faɗa ba. Ta sunkuya ta cire takalmanta, waɗanda na maƙwabciya ne kuma sun matse ta tun safe, ta riƙe su a hannu. Ta zaro ambulan ɗin takardun Auta daga jaka ta ajiye a gabansa, kusa da ƙasusuwan kaza.

"Ina tasha," ta ce. "Idan ka gama kallon gari ta taga, ka same ni."

Ta ratsa falon da ƙafa ba takalmi, a kan dutsen da ake gani kamar ruwa. Mai gadin ƙofa ya buɗe mata, har da sara mata.

Wayar Hedimasta ta soma ƙara a kan tebur. Auta ce. Ya san tana tsaye a tsakar gida, wataƙila ta riga ta goge kayan da za ta sa ranar farko. Wayar ta yi ta yi har ta katse, ta sake somawa. Wata mata a teburin kusa ta juyo ta dube shi.

Sabis ya matso, ya rusuna daidai kunnensa.

"Ranka ya daɗe, ko za a ɗan rage ƙarar? Baƙinmu suna hutawa."

"Gaskiya ne," in ji Hedimasta. "Gaskiya ne, a yi haƙuri."

Ya rage.