Dalmar Harlan a Gonar Tuffa

"Kar ka fizga! Lonnie, na ce kar ka fizga, ba saniya ka kama ba!"

Lonnie ya sassauta hannu. Sandar fatsar ta lanƙwasa tana rawa, ya ci gaba da naɗe zaren sannu a hankali. Kokani kifi ne mai laushin baki, in ka ja shi da ƙarfi sai ka fito da ƙugiya da ɗan guntun leɓe. Lonnie ya san haka tun yana saurayi, amma ya bar tsohon ya faɗa. Rabon da ya ji muryar maƙwabcin nasa ta ɗaga haka tun kafin a kwantar da shi a asibiti.

Kifin ya shigo raga yana wutsil-wutsil. Fari ne tas kamar azurfa, sai ɗan ja-ja da ya fara fito masa a gefen ciki.

"Ka gani ko?" Harlan ya ce, yana numfashi tsakanin kalmomi. "Sun fara canja riga. Nan da mako namansu ya zama auduga. Sa shi a ƙanƙara, kar ka tsaya kallonsa kamar budurwa."

Harlan Messick ya kusa shekara tamanin. Ƙurar injin yankan katako da taba sun gama da huhunsa, yanzu da siririn tiyo a hanci yake yawo, da silindar iska a gefen ƙafarsa. Shinge ɗaya ne tsakanin gidansa da na Lonnie, a wani ɗan gari da ke ƙasan dam ɗin, cikin duwatsun Idaho. Ta kan shingen nan ya roƙi Lonnie ya kai shi kamun kifi a tafkin dam ɗin. Agusta ta zo ƙarshe, ana ta sakar wa manoma ruwa, tafkin yana ja baya kullum, an kuma ce a ƙarshen mako za a ɗaure gangaren saukar da jiragen ruwa da sarƙa. Harlan bai ce wannan ce fitarsa ta ƙarshe ba. Cewa ya yi masarar da yake sa wa ƙugiya ta jiƙu da tafarnuwa a firiji, kuma bai ga amfanin barinta ta lalace ba.

Wilma, matarsa, ita ce ta ƙi. Sai da suka kwana biyu ba ta yi masa magana ba, sannan da safiyar nan ta fito da silinda biyu, ta sa su cikin jirgin da hannunta. Ba mijinta ta kalla ba, Lonnie ta kalla.

"Ka dawo min da shi da ransa kafin rana ta take," ta ce. "Likita ya gaya mana abin da ya rage. A gadonsa zai mutu ina zaune, ba a cikin gwangwanin nan ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Wilma."

"A'a, ka ce ka yi alkawari."

Ya yi.

Yanzu ga su a tsakiyar tafkin, ƙaramin injin yana tafiya da su a hankali kamar mai tafiyar ƙasa. Hayaƙin gobarar daji ya lulluɓe duwatsu, rana ta fito jawur ba ƙarfi. Bakin ruwa ya zama faffaɗan zobe na busasshen taɓo da kututturan itatuwa. Lonnie bai taɓa ganin ruwan ya yi ƙasa haka ba. Jirage biyu ne kawai a can nesa, su ma suka juya suka tafi.

Sun sami kokani da ɗan dama. Harlan da kansa yake soka ƙwayar masara a kowace ƙugiya, in ta faɗi ya zage ta ya ɗauki wata. Can sai ya share hannu a wando.

"Ƙananan nan sun isa. Mu nemi shinuk, ƙaton kifin nan. Manyan suna can ƙasa suna bin waɗannan. Sauke dalma inda muka saba."

Dalmar wani dunƙule ne mai nauyi da ake saukarwa da wayar ƙarfe daga gefen jirgi, ita ke kai fatsa can cikin sanyin ruwa inda kifi yake ɓuya lokacin zafi. Harlan da ƙaninsa marigayi suka narka ta a gareji, suka shafa mata jan fenti. Lonnie ya saki wayar har zuwa inda aka ɗaura ɗan ƙyalle don shaida, wurin da suke tsayawa kowace shekara. Ko kusa bai kawo a ransa cewa ruwan bana ba na bara ba ne. Shi ma tsohon bai kawo ba.

Sun yi 'yar tafiya, Harlan yana ba da labarin wani shinuk da ya tsinke masa zare tun Lonnie yana makaranta. Kowace shekara kifin nan ƙara girma yake.

"Bara ka ce tsawon hannunka ne," Lonnie ya ce. "Yau ya kai ƙafarka."

"To ba ci yake ba? Kai ma bara ba haka tumbinka yake ba."

Bai rufe baki ba wayar ta yi ƙara, ta miƙe ƙam. Jirgin ya karkace gefe ɗaya har ruwa ya taɓa bakinsa, akwatin ƙanƙara ya zame ya bugi ƙafar Harlan. Lonnie ya yi wuf ya kashe injin. Jirgin ya dawo daidai yana lilo.

"Mun maƙale," ya ce.

"Na gani. Ina da ido."

Lonnie ya tayar da injin, ya ja da baya, ya kewaya ta dama, ya kewaya ta hagu, yana gwada naɗe wayar. Haka ake yi, ba mai son barin dalmarsa a ƙasa. Wani lokaci takan motsa kaɗan kamar za ta fito, sai ta sake riƙewa. Gumi ya jiƙa masa riga. Da ya juyo zai yi magana sai ya ga leɓen Harlan ya yi duhu. Ya sunkuya ya duba agogon silinda. Allurar ta shiga ja.

"Bari in canja maka. Ina ɗayar?"

Harlan ya kau da kai yana kallon tudu.

Lonnie ya ɗaga rigunan ruwa, ya leƙa ƙarƙashin benci, ya buɗe akwatin gaba. Babu.

"Harlan. Ina silindar da Wilma ta sa?"

"Tana mota."

"Wace motar?"

"Mota nawa muka zo da su? Lokacin da ka je ajiye amalanken jirgi na fitar da ita. Ba wurin akwatin ƙanƙara. Kokani in bai sha ƙanƙara nan take ba ai ka yi wahalar banza, kai ma ka sani."

Lonnie ya zauna a kan benci. Shi ba mai faɗa ba ne, ko a gidansa ba a jin muryarsa. Ya ciro wayar hannu, ba layi, dama a cikin kwazazzabon nan ba a samu. Gangaren yana can bayan lanƙwasar dutse, tafiya ce mai ɗan nisa da wannan injin. Ya buɗe akwatin kayan aiki ya ɗauko filaya.

"Ajiye wannan," Harlan ya ce.

"Zan saya maka wata dalmar."

"Ba a sayar da irinta. Ajiye, na ce." Ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna tudu. "Ka ga tsagin dutsen can? Ka ga inda hanyar keken doki ta gangaro ta shiga ruwa? Ban taɓa ganinta a waje ba tun da aka cika dam ɗin nan. Ka san abin da ya riƙe mu?"

"Kututture."

"Tuffar babana ce. Gonarmu ce a ƙasanmu. An sare na kowa kafin a sako ruwa, shi ya ƙi, ya zauna a baranda da bindiga har masu zarto suka haƙura." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Lonnie ya riƙe masa kafaɗa har ya lafa. "Daga can gefen kicin ɗin uwata yake. Shekara da shekaru ina wucewa ta samansu, yau ne suka riƙe ni. Ka bar ni in ɗan zauna."

"Iskarka ta kusa ƙarewa."

"Ta daɗe da ƙarewa, yaro. Wannan ta gwangwani ce."

"Wilma tana jira."

"Wilma ta gaji. Kai ba ka gani, ni ke gani. Juya ni take, wanke ni take, ga bayanta ba lafiya. Nan ba laifi. Ba sanyi, ba hayaniya. Ka ce mata dalma ce ta maƙale, ai ba ƙarya ka yi ba."

Lonnie ya dubi filayar da ke hannunsa. Ruwa yana ɗan bugun jikin jirgin. Ya san tsohon ba wasa yake ba, ya kuma san in ya zauna shiru na ɗan lokaci, ba sai ya yi komai ba, abin zai yi kansa. Harlan ne ya koya masa tuƙa jirgi. Harlan ne ya zauna da shi a baranda duk lokacin sanyin da matar Lonnie ta tafi ta bar shi, bai taɓa tambayarsa dalili ba. Tun da suke bai taɓa roƙonsa wani abu mai nauyi ba sai yau.

Sai ya tuna yadda Wilma ta tsaya a bakin ƙofa da rigar barci, hannunta ɗaya a ƙugu saboda ciwon baya, tana kallon motar har ta sha kwana.

"Ka yi haƙuri, tsoho," ya ce.

Ya sa filaya ya datse. Wayar ta yi tsalle ta nutse, jirgin ya saki jiki ya fara juyawa.

Harlan bai zage shi ba. Da ya zage shi da ya fi sauƙi. Juya fuska kawai ya yi wajen ruwa, ya ɗora hannu a bakin jirgin. Lonnie ya buɗe injin iya ƙarfinsa. Kafin su sha lanƙwasar dutse silindar ta daina huci. Da suka iso gangare bai tsaya ɗaure jirgi ba, ya cusa shi cikin taɓo, ya ɗauki tsohon cak kamar yaro, ya hau da shi yana zamewa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Silindar tana nan bayan a-kori-kura a ƙarƙashin tamfol. Ya haɗa tiyon, ya durƙusa yana jira har ƙirjin ya fara ɗagawa sosai.

Rana ta ɗan gota lokacin da suka iso gida. Wilma tana kan matakala. Ta dubi leɓen mijinta, ta dubi taɓon da ke jikin Lonnie har gwiwa, ba ta tambayi komai ba. Suka kai shi gado tare. Da Lonnie ya tsaya a bakin ɗaki, Harlan ya rufe ido ya juya wa bango fuska.

"Je ka gida," Wilma ta ce.

Bai sake shiga gidan ba. Ya koma ya ɗauko jirgin, ya wanke, ya ajiye akwatin kifin a bakin ƙofarsu. Da safe in zai tafi aiki yakan ga fitilar ɗakin a kunne, da yamma yakan ga motar ma'aikaciyar jinya. Ya yanke musu ciyawa, ya fitar musu da shara, ba wanda ya kira shi. Ranar Laraba da hantsi ya ga wata doguwar motar ɗaukar gawa ta tsaya, mutum biyu suka shiga da gadon ɗauka. Ya tsaya a jikin shinge da hula a hannu har suka tafi.

Washegari da yamma yana zaune a bayan gida sai ya ji ƙarar ƙofar shinge. Wilma ce, rungume da babban kwano an rufe da tawul. Ta ajiye a kan tebur ta buɗe. Kifin ne, an tsage su an jiƙa a ruwan gishiri da sukari.

"Na fitar da su daga firiza jiya," ta ce. "Ban iya hura tanderun hayaƙinmu ba. Shi ke yi."

"Zan yi."

"Ya gaya min komai." Ta goge hannu da tawul ɗin. "Ya zage ka har ranar Talata. Ya ce kai jaki ne, ba ka jin magana, kuma ka jawo masa asarar dalma."

Lonnie ya sunkuyar da kai.

"Ina riƙe da hannunsa," ta ce. "Ina yi masa surutu a kan labule, wai ya kamata a canja. Sai kawai na ji ya saki." Ta ɗago ta dube shi. "Ina zaune, Lonnie."

Lonnie ya tashi ya jawo nasa tanderun daga jikin gareji, ya jera kifin a kan waya, fata a ƙasa, ya zuba ɓawon itace a kasko ya kunna. Ya ɗauka za ta koma gida, baƙi suna ta zuwa da kwanukan abinci, ana jin ƙarar ƙofofin motoci daga titi. Sai ta ja kujerar roba ta zauna, ta cire takalmanta na coci ta ajiye a gefe.

"Kar ka cika wuta," ta ce.

Ya rage. Shi ma ya ja kujera ya zauna. Ba iska ko kaɗan, hayaƙin ya fito ta ɗan bututun ya miƙe siriri, ya haye shingen ya shiga ɗayan gidan.