Gurbin Safiya a Aji Huɗu

An fita tara, Malam Ɗalha yana zaune a aji huɗu yana duba littattafan yara, sai ya ji ihu daga bayan makaranta. Da ya leƙa ta taga, ya ga yara sun yi da'ira a gindin dogonyaro. An ɗaure wata yarinya da ɗankwali a jikin itacen, sauran suna zagaya ta da karan dawa. Habiba ce, 'yar rugar da ke hayin fadama. Ba kuka take yi ba, ƙasa kawai take kallo.

Mai ba da umarni kuwa Safiya ce, 'yar wansa Atiku.

"Ku bar ta nan har rana ta faɗi!" in ji Safiya. "Irinsu ba a yi musu kirki. In ka sake su, gobe ma za su dawo."

Malam Ɗalha ya san maganar nan. Jiya ya ji ta a zaure daga bakin Atiku, ba ragi ba ƙari.

Ya fita ya kwance Habiba da hannunsa. "Wane irin wasa ne wannan?"

"Manoma da masu shanu ne, Malam," wani ya amsa.

Mako uku ke nan da shanu suka cinye shinkafar Atiku a fadamar Wurogauri. Aka yi faɗa, aka sare shi a hannu, samarin gari suka je suka ƙone bukkoki biyu a ruga. Har yau ba wanda ya tabbatar ko shanun na rugar ne ko na baƙi masu wucewa. Yaran ruga goma sha ɗaya ne ke zuwa makarantar a da, yanzu saura huɗu.

* * *

"Bulala zan samo," ya ce da Malama Rut bayan an tashi. 'Yar Zuru ce, shekararta shida tana koyar da aji uku, kuma tare aka tura su bitar koyar da zaman lafiya a Gwandu.

"In ka doki Safiya, Malam, a kan Habiba za ta ɗora laifin," in ji ta. "Yarinyar abin da ta ji a gida take maimaitawa. Mu sa ta ta jiyo wani abin a gidan."

Washegari suka sauya wa yara wurin zama. Malam Ɗalha ya haɗa Safiya da Habiba a benci ɗaya, da littafin karatu ɗaya, don dama littattafan ba su isa ba. Safiya ta matsa can ƙarshen benci ta juya baya. Shi kuwa ya rubuta aikin gida a allo: kowa ya tambayi mafi tsufa a gidansu, wane ne daga gari ko daga ruga ya taɓa taimakon gidan.

Ranar Alhamis aka kawo amsa. Wani ya ce an taɓa ba kakansa aron bijimin huɗa. Wata ta ce a gidansu an hana ta tambaya. Da aka zo kan Habiba, ta miƙe tana murɗa bakin hijabi.

"Kakata ta ce shekarar da ruwa ya ci ruga, wani Malam Abdulbaƙi ya zo da kwalekwale ya kwashe su. Wata biyu suka yi a gidansa. Ta ce matarsa ba ta da lafiya lokacin, jaririnta nonon saniyarmu ya sha har ya yi wayo." Ta ɗago kai. "Ta ce sunan jaririn Atiku."

Allin da ke hannun Malam Ɗalha ya karye. Abdulbaƙi mahaifinsa ne, kuma bai taɓa jin labarin nan ba.

Safiya ta juyo. "Kakana ne," ta ce, kamar mai neman a musa mata.

Ba a yi wani sulhu ba. Amma a mako na gaba ya lura littafin ya dawo tsakiyar benci. A na gaba kuma ya ga Safiya ta raba fensirinta biyu da reza.

* * *

Bayan sallar La'asar Atiku ya tare shi a ƙofar gida. Hannunsa na dama har yanzu a naɗe yake, ba ya iya riƙe fartanya.

"Kai ka turo yarinya ta titsiye ni a gaban uwarta?"

"Aikin makaranta ne, Yaya. Abin da tsohuwar ta faɗa gaskiya ne?"

"Gaskiya ne. To, sai me? Baba ya ɗauko su daga ruwa, ga sakayyar." Ya ɗaga hannun. "Kai wata ya yi ka ga albashi. Ni abincin shekara aka cinye mini a wuni ɗaya. Sannan ka zaunar da 'yata benci ɗaya da su."

"Yaya, Habiba shekararta tara."

"Wanda ya sare ni ma ya taɓa zama ɗan shekara tara."

Malam Ɗalha ne ya kai Atiku asibiti a Kalgo ranar, rigarsa jiƙe da jini, kuma a hanya shi ma ya faɗi maganganun da ba zai so 'yan ajinsa su ji ba.

"Ka raba su, ko in cire ta," in ji Atiku.

Malam Ɗalha ya yi ta juya maganar har ƙarshen mako. In ya raba su, aji huɗu gaba ɗaya zai gane dalili.

Bai raba su ba.

* * *

Ranar Litinin ya kira suna. Biyu daga cikin yaran ruga da suka daina zuwa sun dawo, Malama Rut ce ta bi su har ruga. Da ya kira Safiya Atiku, ba wanda ya amsa. Ya sake kira, sannan ya wuce.

Wajen ƙarfe goma ya hango ta ta taga, a kan hanyar fadama, da gwangwani a hannu za ta korar tsuntsaye a gonar ƙanin uwarta. Ta rage tafiya daidai makaranta, amma ba ta ɗago kai ba.

Wata yarinya daga bencin baya, inda suke matse su huɗu, ta taso da jakarta za ta zauna kusa da Habiba.

"Da mutum," in ji Habiba.

Malam Ɗalha ya ce a buɗe shafi na ashirin. Habiba ta buɗe, ta tura littafin tsakiyar benci, ta karkata kai tana karantawa daga gefe.