Jirgin da Ruwa Ba Ya Ci

A duk faɗin ƙasar Gwandu ba a taɓa yin jirgin da ya kai na Malam Abdulgani gudu ba, ba kuma za a yi wanda zai kai shi ƙarko ba, domin an ƙera shi ne a ƙasar da teku ya kewaye, a hannun mutanen da suka gama da sha'anin ruwa tun kaka da kakanni. Ruwa ba ya cin katakonsa, ba ya cin injinsa. Malam Abdulgani da bakinsa ya faɗi haka a bakin fadamar Kalgo, cikin daminar 1956. Ya kuma cancanci ya faɗa, don ya yi Midil a Sakkwato, sannan haifaffen garin Gwandu ne, inda ruwa mafi zurfi da ya sani shi ne rijiyar bayan gidansu.

Asalin jirgin na wani Bature ne da ya zo noman shinkafa da injuna. Shinkafar ba ta yi ba, wa'adinsa ya cika, da zai koma gida ya bar wa akawunsa jirgin tunda ba ya shiga akwati. Akawun nan shi ne Malam. Jirgin fari ne tas da jan zane a gefe, da sitiyari irin na mota, da gilashi a gaba, injin kuma a rataye a gindinsa kamar an goya shi. Tare da shi aka sauke wasu alluna biyu dogaye masu takalmin roba a tsakiya. Malam ya yi bayani cewa Baturen kan tsaya a kansu ne a ja shi da igiya bisa ruwa. Aka tambaya zuwa ina. Ya ce ba ko'ina, yakan dawo inda ya tashi. Mutanen Kalgo suka gyaɗa kai don ladabi.

Da yake an mayar da Malam ofishin En'e a Gwandu, dole ya sami wanda zai bar wa jirgin. Bai sha wahalar nema ba. Yayarsa Indo tana aure a Kalgo, mijinta kuwa shi ne Bawa mai fito.

Bawa da jirgi ɗaya yake ci da gidansa, na maɗaci, wanda mahaifinsa ya sassaƙa shekara ashirin da biyu da suka wuce. Da shi yake ƙetarar da 'yan kasuwa da awakinsu duk damina, idan fadama ta cika ta zama kamar ba ta da gaɓa. Daɗewar jirgin ba wani asiri ba ne. Kowace shekara in ruwa ya janye, masu fito kan kai jiragensu gurbin da ba ya ƙafewa, su cika su da duwatsu su nutsar, icen ya yi ta shan ruwa har bazara ta wuce. Wanda aka bari a sarari rana ce ke tsaga shi. A gurbin nan kowane gida yana da wurinsa tsakanin turaku biyu, gado ne, kuma wurin gidan su Bawa jirgi ɗaya yake ɗauka.

Ranar gwaji Malam ne ya riƙe sitiyari, Bawa na zaune a baya da gorarsa ta tuƙi, wadda ya ƙi bari a gaɓa duk da an ce masa zamaninta ya wuce. A ja na goma sha ɗaya igiyar injin ta tayar da shi. Jirgin ya ɗaga kai kamar ingarman doki, ya fyalla. Hular Malam ta yi nata wuri. Da ya zo juyawa sai ya murɗa sitiyari yadda ya ga direbobin lori na yi, jirgin kuwa ya ƙi bin kansa, ya zame a kaikaice, ya tura wata igiyar ruwa da ta cika jirgin Hamidu, maƙwabcin Bawa a wurin fito, ta jiƙa masa buhunan gero uku na mutane. Daga nan suka faɗa cikin ciyawar burgu, ta nannaɗe farfela, wata 'yar ƙusa ta karye, komai ya yi tsit.

Da gora Bawa ya dawo da su gaɓa. Malam bai saki sitiyarin ba har suka iso.

"Kun dai ga gudu," in ji shi da yana fitowa.

"Mun gani, Malam," in ji Hamidu, yana kwarfe ruwa da ƙwarya. "Geron ma ya gani."

Da abin ya tsaya nan, da Bawa ya tsira. Sai dai maƙerin Kalgo ya yanka ƙusa ta maye gurbin wadda ta karye, Malam ya koma Gwandu ya bar garwa biyu ta fetur, kuma wata safiya Bawa ya zauna a gaban sitiyarin don dai ya ga ko injin na nan lafiya. Shi ya san inda hanyar ruwa take a ƙarƙashin fadama, ya san inda burgu ke kwance da inda kututture yake ɓoye. Ya gane jirgin ba ya son a tilasta shi, sai an rage masa wuta kafin kwana, a bar gindinsa ya zagayo da kansa. Tafiyar da ke cin sa tun hantsi har azahar, ranar ya yi ta kafin a sha ludayi goma na fura. Iska ta cika masa riga, hawaye na gudu zuwa kunnuwansa, ya ji kansa yana ihu shi kaɗai a tsakiyar ruwa, mutum mai furfura a gemu. Bai gaya wa kowa wannan ba. Kwana goma sha tara man ya yi, sannan ya ƙare, kuma tun daga ranar gora ta yi masa nauyin da ba ta taɓa yi ba.

Bayan kaka ruwa ya fara janyewa. Ran kasuwar Kalgo Malam ya zo a kan kekensa, suka tsaya a bakin gaɓa, masu fito sun kewaye su.

"Yaya Bawa, amana na bar maka. Kada rana ta taɓa min shi."

"To Malam, mu dai abin da muka sani guda ne. Nutsarwa mukan yi."

Malam ya tuna ranar da Baturen zai tafi ya yi wata doguwar magana game da rani, yana nuna injin yana nuna rumfa, amma lofen taba na bakinsa, kuma Malam ya saba amsa masa da to kafin ya kai ƙarshen zance. Ya dubi mutanen da ke jiran amsarsa. Duk suna nan ranar da ya ce ruwa ba ya cin jirgin.

"A nutsar mana," ya ce.

"Har da injin?"

"Injin jirgin ruwa ne, Yaya Bawa, ba na niƙa ba. Waɗanda suka ƙera shi ba su san ruwa zai shiga ba?"

Aka yi dariya, Bawa ma ya yi.

Indo ce ba ta yi ba, da Bawa ya kai mata labarin a gida. Tana shanya kuɓewa a kan allunan Baturen, waɗanda ta gano sun fi faifai, ta saurari mijinta har ya gama.

"To namu hwa, Maigida? Wurin guda ne."

"Zan roƙi Hamidu. Nasu da faɗi."

"Wanda kuka yi wa wanka da gero? Ka tahi, ina nan." Ta juya kuɓewar. "Ni na goyi Abdulgani. Yaron ga ko a kwatarniya aka sa shi sai ya yi kuka. Shi ne yau zai gaya maka abin da ruwa ke ci da wanda ba ya ci?"

"Ya yi karatu, Indo."

"Awo. Na ruwa?"

Hamidu ya karɓi Bawa da fara'a, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce wallahi da ya zo jiya da an samu, yanzu ya riga ya yi wa ɗan ƙanwarsa alkawari. Sauran gidajen ma duk jiya ya kamata ya zo.

Bawa ya gaya wa kansa cewa amana tana gaba da kayan mutum, kuma gaskiya ne. Ya gaya wa kansa baƙo ake ba ɗaki, mai gida ya kwana a zaure, wannan ma gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne yana son damina ta dawo ya sake jin iskar nan a rigarsa. Ya jera duwatsu a cikin farin jirgin da hannunsa, a hankali don kada fenti ya kuje, ya tsaya har gilashin ya ɓace a ƙarƙashin ruwa tsakanin turakun mahaifinsa. Na maɗacin kuwa aka ja shi gindin tsamiya a bayan gida, aka lulluɓe da zana. Ya ce zai riƙa ba shi ruwa kullum.

Ya kuwa ba shi. Tulu shida da safe, shida da la'asar, shi da Indo, ita tana ɗauka tana faɗin ra'ayinta. Da bazara ta kama rijiyar unguwa ta ja baya, tulu shida ya koma uku, tsamiyar ta zubar da ganye. Ruwan da aka zuba da hantsi kafin azahar babu alamarsa. Bawa yakan shafa cikin jirgin ya ji icen ya yi fari ya yi kaushi. Sau biyu ya je bakin gurbin da niyyar ya fito da baƙon ya sa nasa, sau biyu ya tsaya yana kallon ruwan ya dawo.

Wata ranar Talata da rana tsaka, yana alwala, ya ji ƙara kamar an harba bindigar toka a bayan gida. Bai tashi da sauri ba, ya san ko mene ne. Ya gama alwalarsa, ya yi salla, sannan ya je ya yaye zanar. Tsagar ta taso tun daga kai har gindi, a tsakiya hannunsa na shiga har wuyan hannu. Ƙaramar tsaga akan ɗinke ta da ƙarfe a toshe da tsumma. Wannan ba ta ɗinki ba ce. Indo ta zo ta tsaya a bayansa, ta dubi tsagar, ta kwashe tulunan ta koma ciki.

Da ruwan farko ya sauka fadama ta fara kawowa, Malam ya zo daga Gwandu da abokan aikinsa uku cikin manyan riguna, da garwar fetur, don su ga gudun da ya shekara yana ba su labari. Masu fito suka shiga gurbin suka kwashe duwatsu, kowa ya tayar da nasa, baƙi ƙirin, lafiya lau. Aka zo kan farin jirgin. Bawa ya kama gefensa ya ɗaga, gefen ya biyo hannunsa. Ashe ba ice ɗaya ba ne, siraran fallaye ne aka manna da gam, ruwan wata biyar ya jiƙa gam ɗin, suna ɓarewa ɗaya bayan ɗaya kamar ɓawon albasa. Injin da aka fito da shi ya yi ja da tsatsa, laka na zuba ta kowace kafa, igiyar ta ƙi motsi ko da mutum biyu sun ja. A ƙarƙashin kujera aka sami tarwaɗa biyu masu ƙiba.

Malam ya dubi abokansa, ya dubi Bawa.

"Haba Yaya Bawa! Wata biyar? Wa ya ce ka bar shi wata biyar?"

Akwai mutum ashirin a wurin da suka ji abin da aka faɗa ran kasuwa, duk suka zuba wa Bawa ido. Shi kuwa ya dubi ƙanin matarsa, gumi na tsattsafo masa a ƙarƙashin sabuwar hula, baƙinsa na tsaye.

"Kuskurena ne, Malam," ya ce.

Malam ya yafe masa nan take, a gaban jama'a, abin da abokansa suka yaba ƙwarai. A hanyar komawa ya bayyana musu cewa ruwan Kalgo yana da wata kanwa da babu irinta a Ingila. Ya tafi da sitiyarin, ya rataye a zaurensa a Gwandu, inda ya shekara da shekaru yana ba baƙi labarin jirgin da ba a taɓa yin mai gudunsa ba. A wannan bai yi ƙarya ba. Bai tambayi inda jirgin maɗaci yake ba, ba a kuma gaya masa ba.

Jirgin na nan gindin tsamiya, Indo na zuba wa awaki harawa a ciki. Allunan Baturen kaɗai ruwa bai ci ba, tunda ba su taɓa shiga ba.

Ran kasuwar da ta biyo baya, da hantsi, fadama ta cika maƙil, 'yan ƙetare sun yi cincirindo a gaɓa. Bawa ya ɗauki gorarsa ya gangara. Hamidu na zaune a kan jirginsa yana ba da umarni.

"A'a, direba! Yau babu mai ne?"

"Babu. Ko kana son mai taya ka tuƙi?"

Hamidu ya dube shi, ya ga ba wasa yake ba, ya kawar da kai. Ya matsa ya ba shi gindin jirgin, wurin da ake sa 'yan koyo. Bawa ya tsaya a nan, ya jira wata tsohuwa ta gama daidaita tunkiyarta, ya kafa gora a laka ya tura.